Gary Chester: Makaɗin da Duniya Ta Ji Hannunsa Ba Ta Ji Sunansa Ba

Cikin shekarar 1969 wata waƙa mai suna "Sugar, Sugar" ta mamaye gidajen rediyon Amurka da Ingila. Ta yi mako huɗu tana kan gaba a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka, ta yi mako takwas a Ingila, kuma da shekara ta ƙare mujallar Billboard ta ba ta lamba ɗaya a kan dukan waƙoƙin shekarar. Sunan da aka buga a jikin faifan shi ne The Archies. To, amma babu wanda ya taɓa ganin waɗannan makaɗa a kan dandamali, domin kuwa babu su a duniya. Zane ne kurum na wani wasan yara da ake nunawa a talabijin, kuma a cikin zanen akwai wani siririn yaro wai shi Jughead, wanda aka ba aikin kaɗa ganguna. Zane kuwa ba ya riƙe sandar kiɗa. Wanda ya zauna a sutudiyo a birnin New York ya kaɗa gangunan da miliyoyin mutane suka taka rawa da su, wani magidanci ne ɗan shekara 44 mai suna Gary Chester. An biya shi ladan zamansa, ya nufi aiki na gaba, ba a sa sunansa a faifan ba.

A wannan makon filin nan zai duba rayuwar wannan mutum, domin a cikinta akwai amsar wata tambaya da ta shafi kowane mai sana'ar hannu: idan aikin mutum shi ne ya gyara kayan wani ya koma gefe, me zai rage masa ranar da kasuwa ta watse?

Makaɗin haya

Sana'ar Chester ita ce wadda za a iya kira kiɗan haya. Makaɗin haya ba ya cikin ƙungiyar kowa, ba shi da mawaƙin da yake bi gari-gari. Yana zaune ne a birnin da kamfanonin faifai suke, sai a bugo masa waya a ce ana bukatarsa a sutudiyo kaza da ƙarfe kaza. Sau da yawa bai san waƙar ba, bai ma san mawaƙin ba, sai ya iso. Za a ajiye masa takardar kiɗan a gabansa, a gwada sau ɗaya ko sau biyu, sa'an nan a kunna na'urar ɗaukar murya. Abin da aka saya a wurinsa shi ne ya kaɗa daidai tun daga farko, ya kuma kaɗa yadda mai jin faifan zai ɗauka shi da mawaƙin sun shekara goma tare.

Kayan aikinsa kuwa tarin ganguna ne da faranta na tagulla da mutum ɗaya yake zama a tsakiyarsu. Akwai babbar ganga a kwance a ƙasa, wadda ake duka da ƙafar dama ta hanyar taka wani ƙarfe mai guduma. Wani maƙerin kayan kiɗa na birnin Chicago, William Ludwig, shi ya fito da irin matakin da ya karɓu a 1909. Akwai ƙaramar ganga tsakanin gwiwoyi mai wayoyi a ƙarƙashinta, masu ba ta kaifin amo. Akwai tagwayen faranta da ƙafar hagu take buɗewa tana rufewa, sa'an nan ga wasu ganguna da faranta a kewaye waɗanda hannuwa ke bi da sanduna biyu. Watau aikin da a ƙasar Hausa akan raba wa makaɗa uku ko huɗu, a nan an ɗora shi ne a kan hannuwa biyu da ƙafafu biyu na mutum guda. Mai karatu ya riƙe wannan, domin a kansa ne duk koyarwar Chester ta tsaya daga baya.

Kasuwar waƙa ta New York

An haife shi ran 27 ga watan Oktoba na 1924, sunansa na yanka Cesario Gurciullo. Iyayensa mutanen Siracusa ne a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya. Kamar yadda 'ya'yan baƙi da yawa suka yi a harkar kiɗan Amurka, sai ya ɗauki sunan da ya fi sauƙi a bakin masu ba da aiki, ya zama Gary Chester.

Tauraronsa ya fito ne a daidai lokacin da New York take cin kasuwar waƙoƙin matasa. A kan titin Broadway akwai wani bene mai lamba 1619 da ake kira Brill Building, da wani kusa da shi mai lamba 1650, cike da ƙananan ofisoshi, kowanne da fiyano a ciki. A nan ne marubuta waƙa suke zama bibbiyu, ɗaya da kalmomi ɗaya da karin sauti, suna ƙera waƙoƙi kamar yadda tela ke ɗinka riguna. Daga cikin manyan marubutan wannan zamani akwai Jerry Leiber da Mike Stoller, akwai Carole King da Gerry Goffin, akwai kuma Burt Bacharach da Hal David. Idan waƙa ta kammala sai a nemo mawaƙin da ta dace da muryarsa, a sa mai tsara kiɗa ya rubuta wa kowane kayan kiɗa rabonsa, a kama ɗaki a sutudiyo irin su Bell Sound ko A&R, kana a sa ɗan kwangila ya tara makaɗa. Ɗan kwangilar nan yana da jerin sunaye, kuma duk mai kaɗa ganga burinsa shi ne sunansa ya zama na farko a jerin. A gabashin Amurka, cikin shekarun 1960, Chester yana cikin 'yan ƙalilan da suka kai wannan matsayi, kamar yadda Hal Blaine da Earl Palmer suka kai a birnin Los Angeles.

Kaɗan daga cikin faya-fayan da ya yi wa kiɗa sun isa su nuna faɗin aikin. Shi ne a bayan 'yan matan Shirelles a waƙar "Will You Love Me Tomorrow", wadda ta hau lamba ɗaya a watan Janairu na 1961, karo na farko da ƙungiyar mawaƙa mata baƙar fata ta kai nan a jerin Billboard. Shi ne a "Stand by Me" ta Ben E. King, wadda aka ɗauka a watan Oktoba na 1960. Shi ne a "Twist and Shout" ta Isley Brothers a 1962, da "Walk On By" ta Dionne Warwick a 1964, da "Brown Eyed Girl" ta Van Morrison a 1967, da "Bad, Bad Leroy Brown" ta Jim Croce a 1973. Wanda ya jera waɗannan faya-fayai ya saurare su ɗaya bayan ɗaya, da wuya ya yarda hannu ɗaya ne. A waƙar Isley Brothers ganga tana tura mawaƙa gaba da ƙarfi. A waƙar Ben E. King kuwa da kyar ake jin dukanta, an bar wa babbar garaya mai kaurin murya filin ta ja ragama. Sanin inda za a yi shiru yana cikin abin da ake biyan makaɗin haya dominsa.

Sa'a uku, waƙa huɗu

Yadda aikin yake gudana ba wasa ba ne. Ƙungiyar makaɗan Amurka, wadda reshenta na New York ake kira reshe na 802, ita ta yanka ƙa'ida da kamfanoni: zama ɗaya sa'a uku ne, kuma ba a ɗaukar fiye da waƙa huɗu a cikinsa. In an zarce lokaci sai a biya kowa kuɗin ƙari. Galibi akan yi zama ɗaya da hantsi, ɗaya bayan azahar, ɗaya da dare, saboda haka makaɗin da ake rububinsa yana iya yin uku a yini a wurare uku dabam-dabam, masu ɗaukar kaya suna riga shi zuwa su kafa masa ganguna. An ƙiyasta cewa Chester ya yi zama fiye da 15,000 a rayuwarsa. Ko da an raba wannan adadi a kan shekara 25, zai ba da 600 a kowace shekara, watau fiye da biyu a kowace ranar aiki.

A farkon shekarun 1960 galibi ana tara kowa ne a ɗaki ɗaya a ɗauka a lokaci guda: masu goge, masu busa, masu fiyano da jita, 'yan amshi da mawaƙi. Na'urorin yawancin sutudiyo ba su da layuka masu yawa da za a ware kowane kaya a gyara shi shi kaɗai. Idan mai ganga ya yi gaggawa ko ya yi nawa, ko ya rasa inda ake a takarda, an ɓata wa mutum ashirin ko talatin aiki ke nan, sai a koma farko, agogo kuwa yana cin kuɗin kamfani. In kuma kuskuren na wani ne, ko mai shirya faifan bai gamsu ba, tilas mai ganga ya maimaita abin da ya kaɗa da zafi iri ɗaya da sauri iri ɗaya. Waƙar Van Morrison da aka ambata sai a ɗauka ta 22 aka sami wadda aka buga. Wanda hannunsa ya yi sanyi a ɗauka ta goma, ba za a sake bugo masa waya ba.

Daɗin daɗawa, masu shirya faifai ba su cika magana da harshen makaɗa ba. Wani zai ce yana son amo kamar tafiyar jirgin ƙasa, wani ya ce a ƙara wani ɗan kaɗe-kaɗe a sama ba tare da an taɓa abin da ƙafa ke yi ba, wani ya sauya ra'ayi ana tsakiyar aiki. Ba a cewa sai an je gida an gwada. Ba a fafe gora ranar tafiya: abin da makaɗi bai riga ya sa a jikinsa ba, ba zai same shi a cikin minti biyun da aka ba shi ba.

Kura da shan bugu

To, ina ladan? Makaɗin haya ana biyansa kuɗin zama ne wanda ƙungiya ta ƙayyade, gwanayen da ake rububi kuwa sukan nemi ninki biyu. Kuɗi ne mai kyau ga wanda wayarsa ba ta daina ƙara ba, ya isa a riƙe gida cikin rufin asiri. Amma daga nan hannunsa ya fita. Faifan ya sayu guda ɗari ko ya sayu miliyan, abin da aka ba shi ran nan shi ne nasa. Mai rubuta waƙa da kamfanin da ke riƙe da ita suna karɓa duk sa'ad da aka sa ta a rediyo, mawaƙi yana da rabo a cinikin faifai gwargwadon yarjejeniyarsa, shi kuwa mai ganga ya riga ya sayar da guminsa. A 1964 ƙungiyar makaɗa ta sa kamfanoni suka kafa wani asusu da ake raba wa 'yan haya wani abu a kowace shekara, sai dai ana auna rabon ne da yawan aikin da mutum ya yi, ba a duba ko faifansa ne ya ci kasuwa.

Sunan ma ba a ba shi. A jikin ƙaramin faifai ana rubuta mawaƙi, da marubucin waƙa, da kamfani, wani lokaci da mai shiryawa. Abin da ya sa a yau aka san wanda ya kaɗa a faifai kaza, galibi takardun kwangilar da ake cike wa ƙungiya ne da littattafan kamfanoni, waɗanda masu bincike suka tono daga baya. Wani lokaci ma ɓoyewar da gangan ce. Don Kirshner, wanda ya tsaya a kan kiɗan The Archies, a da shi ke kula da kiɗan wata ƙungiya ta talabijin mai suna The Monkees, har 'yan ƙungiyar suka tayar da ƙayar baya suna neman a bar su su kaɗa kayansu da kansu, rigimar da ta kai ga sallamarsa a 1967. Da ya koma ga makaɗan zane sai ya huta, tun da zane ba ya gardama, 'yan haya kuma ba su tambayar a sa sunansu.

Ba Chester kaɗai abin ya shafa ba. Clyde Stubblefield, makaɗin James Brown, ya kaɗa wani ɗan gajeren salo a faifan "Funky Drummer" a ƙarshen 1969, wanda daga baya aka yi ta yankowa ana liƙawa a ɗaruruwan waƙoƙin wasu, shi kuwa bai sami rabo daga wannan ba har ya rasu a 2017. Gyara ya zo, amma a makare. Wata doka ta 1995 ta ware wa makaɗan baya kashi 2.5 cikin 100 na kuɗin da ake biya idan an watsa faifai ta hanyoyin zamani irin su rediyon intanet. A shekarar 2000 kuma zauren tunawa da gwanayen kiɗan rok da ke birnin Cleveland ya buɗe wa 'yan haya nasu sashe, Hal Blaine da Earl Palmer suna cikin waɗanda aka fara karramawa. A lokacin Chester ya shekara goma sha uku a kabari.

Kiɗa ya sauya

Kasuwar da ta ɗaga shi ba ta dawwama ba. Tun daga watan Fabrairu na 1964, sa'ad da The Beatles suka sauka Amurka, matasa suka fara karkata ga ƙungiyoyin da ke rubuta waƙoƙinsu suna kuma kaɗa kayansu da kansu, ofisoshin Broadway suka soma rasa ciniki. Na'urorin ɗaukar murya suka ƙaru daga layi huɗu zuwa takwas, zuwa 16, zuwa 24, har ya zamana ba sai an tara mutum talatin a ɗaki ɗaya ba, ana iya ɗaukar kowa shi kaɗai a ranar da ta dace. Wani babban kaso na aikin ya koma Los Angeles da Nashville. Sa'an nan a 1980 wani mai suna Roger Linn ya fito da wata na'ura, LM-1, wadda aka zuba wa amon ganguna na gaske a cikinta, sai a danna maɓallai ta yi ta kaɗawa ba gajiya, ba kuskure, ba kuɗin ƙarin lokaci. Cikin 'yan shekaru ita da 'yan uwanta suka cinye aikin tallace-tallace da na waƙoƙin rawa da yawa waɗanda a da su ne abincin 'yan haya.

Makaɗa da dama sun tsaya suna zagin zamani. Chester kuwa, wanda tun cikin shekarun 1970 ya soma karkata ga koyarwa, sai ya duba abin da yake da shi wanda ba a iya sayarwa sau ɗaya a rabu da shi. Faya-fayan na kamfanoni ne, waƙoƙin na marubuta ne, tafin na mawaƙa ne. Abin da ya rage nasa shi ne sanin da zama dubu goma sha biyar suka bar masa a jiki: yadda mutum zai shirya wa abin da bai san za a tambaye shi ba. Aikin da ya sa a gaba shi ne ya mai da wannan sani darasi, ya jera shi daki-daki yadda wani zai iya ɗauka.

Gaɓoɓi huɗu da murya

Sakamakon wannan aiki shi ne littafinsa mai suna The New Breed, wanda kamfanin mujallar makaɗan ganga ta Modern Drummer ya buga a 1985. Littafin ba shi da kauri, amma akwai masu shekara da shekaru a kansa ba su ƙure shi ba. Ya ƙunshi tsari 39, waɗanda ya ciro daga irin abubuwan da aka sha neman ya kaɗa a sutudiyo, da kuma wasu shafuka na rubutun kiɗa da ake karantawa a kansu.

Ga yadda abin yake. Alal misali, ɗalibi zai sa hannun dama ya riƙa dukan faranti a jere ba tsayawa. Hannun hagu ya riƙa dukan ƙaramar ganga a ƙidaya ta biyu da ta huɗu. Ƙafar hagu ta riƙa rufe tagwayen faranta a kowace ƙidaya. Waɗannan uku ba su sauyawa, kamar masu daka uku a turmi ɗaya, kowa ya san lokacin saukar taɓaryarsa. Ita kuwa ƙafar dama sai a ba ta shafin karatu, ta kaɗa duk abin da ido ya gani a rubuce, layi bayan layi, ba tare da sauran ukun sun yi tuntuɓe ba. In an gama sai a sauya: a karɓe karatun daga ƙafa a ba hannu, a ɗora wa ƙafar aikin maimaitawa. Haka za a yi ta juyawa har kowace gaɓa ta iya zama mai tsaron gida, ta kuma iya zama mai yawo.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗora wa ɗalibi aiki na biyar, watau murya. Yayin da gaɓoɓi huɗu ke aikinsu, baki zai riƙa furta ƙidayar lokaci tare da na'urar nan mai ƙas-ƙas kamar agogo wadda makaɗa ke auna sauri da ita. In wannan ya zauna, sai bakin ya koma bin abin da hannun dama ke yi, sa'an nan na hagu, sa'an nan kowace ƙafa, sa'an nan abin da ake karantawa. Hikimar a fili take. Mutum yana iya horar da hannunsa ya yi abu da ka, alhali hankalinsa ba ya wurin. Amma ba ya iya furta abin da bai ji ba. Wanda ya iya rera rabon ƙafarsa ta hagu yana tsakiyar kiɗa, ya tabbata yana jin ta. Ranar da mai shirya faifai ya ce a rage ƙarfin wannan a bar wancan, ya san inda zai taɓa. Bugu da ƙari, mai rerawa tilas ya yi numfashi, mai numfashi kuwa jikinsa ba ya sandarewa.

Abu na uku da ya koyar shi ne cewa kowane hannu yana da yankinsa. Bisa al'ada, makaɗi na-dama yakan ƙetara hannun damansa bisa na hagu don ya kai ga tagwayen farantan da ke gefen hagu, abin da ke ɗaure hannun hagu a ƙasa. Chester ya ce abin da ke dama na hannun dama ne, abin da ke hagu na hannun hagu ne. Don haka ya ƙara faranta da ganga a ɗaya gefen, yadda ɓangarorin biyu za su yi kusan daidai, ya kuma wajabta wa ɗalibi ya yi kowane darasi sau biyu, sau ɗaya dama na ja, sau ɗaya hagu na ja. Darasi ne mai karya girman kai, domin gwanin da ya shekara ashirin yana cin abinci da sana'ar yakan koma kamar ɗan koyo ranar da aka ce hagunsa ta ja gaba.

Waɗanda suka zauna gabansa

Abin lura shi ne, da yawa daga masu zuwa wurinsa ba yara ba ne, ƙwararru ne da suka riga suka yi suna, suka gane akwai abin da ya rage musu. Cikinsu akwai Max Weinberg, makaɗin Bruce Springsteen tun 1974, da Tico Torres na ƙungiyar Bon Jovi. Akwai Danny Gottlieb, wanda ya yi kiɗa da Pat Metheny, daga baya ya zama malamin kiɗa a Jami'ar Arewacin Florida. Akwai Dave Weckl, wanda ya shahara tare da Chick Corea a tsakiyar shekarun 1980, ya kuma yi finafinan koyar da ganga da suka zaga duniya. Akwai kuma Kenny Aronoff, wanda ya daɗe tare da John Mellencamp, ya zama ɗaya daga cikin 'yan hayan da aka fi nema a zamaninsa, ya kuma koyar a Jami'ar Indiana cikin shekarun 1990.

Labarin Aronoff ya nuna irin duniyar da ɗaliban Chester suka tarar. Sa'ad da ake shirya waƙar Mellencamp mai suna "Jack & Diane", wadda ta hau lamba ɗaya a 1982, an kawo na'urar Linn ne don ta riƙe kiɗan. Aronoff bai yi fushi ya fita ba. Ya karɓi na'urar ya koyi sarrafa ta, shi ya tsara mata abin da za ta kaɗa, kuma da aka zo tsakiyar waƙar aka ga tana bukatar hannun ɗan Adam, sai ya hau ganguna ya kaɗa 'yar gaɓar nan da har yau ake tuna waƙar da ita. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Makaɗin da zai ci abinci kusa da na'ura tilas saurinsa ya tsaya cak kamar nata, ya kuma iya abin da ita ba ta iya ba, watau ya ji waƙa ya san abin da take nema. Waɗannan biyu su ne ainihin abin da tsare-tsaren nan 39 suke horarwa.

Chester ya rasu ran 17 ga watan Agusta na 1987 yana da shekara 62, shekara biyu kacal bayan fitowar littafin. Chris Adams, wadda ta yi karatu a wurinsa, ta kammala kashi na biyu aka buga shi a 1990. A 1993 mujallar Modern Drummer ta sa littafin farko cikin littattafan ganga 25 da suka fi muhimmanci, kuma ana ci gaba da buga shi ana karantar da shi a makarantun kiɗa.

Abin da ya rage

Ba daidai ba ne a ce koyarwa ta biya shi hakkin da kamfanoni suka riƙe. Rashin sa sunan ma'aikaci a kan aikinsa rashin adalci ne, ko da an biya shi ladan yini, kuma gyaran da aka yi daga baya shaida ce cewa an san da haka. Amma rayuwarsa ta nuna wa masu sana'a inda dukiyarsu ta gaskiya take. Shekarun da ya yi yana gyara waƙoƙin mutane sun bar sunan wasu a bakin duniya. 'Yan shekarun da ya yi yana zaune da ɗalibi ɗaya a gabansa, yana sa shi maimaita layi guda har ya zauna, su suka bar nasa. Yau matashin da bai taɓa jin sunan Shirelles ba yana iya sanin Gary Chester, domin malaminsa ya ɗora masa littafin, shi ma malamin nasa haka aka yi masa.

Saboda haka duk gwanin da yake ganin wayarsa ba za ta daina ƙara ba, ya tuna kasuwar Broadway ma ta ci ta watse. Tun hannu yana da ƙarfi ya kamata ya zauna ya tantance abin da ya sani, ya jera shi yadda za a iya koya, ya nemi wanda zai ba. Mai sauraro kuma, in waƙa ta yi masa daɗi har ƙafarsa ta soma motsi, ba laifi ya tambaya ko wane ne ya kaɗa.